Amsar da ban taɓa ƙarasa wa Goggo ba

Kusan duk sanda na kira gida sai Goggo ta kai ga tambayar nan kafin mu ajiye waya. Bayan gaisuwa da tambayar yara da sanyin gari, sai ta rage murya ta ce, "Ke 'yar nan, wai da gaske ne a can namiji yana auren namiji, har hukuma ta ba su takarda?" In ce, "Da gaske ne, Goggo." Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya fito da ku daga ƙasar nan lafiya." In amsa da amin, don ni ma ina son in koma gida lafiya. Sai dai amsar da nake ba ta guntuwa ce, kuma na daɗe ina jin nauyin sauran a ƙirjina.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Kolon da ke yammacin Jamus, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Ni Musulma ce, da hijabina nake zuwa aiki, kuma hukuncin luwaɗi da maɗigo a addinina na san shi tun ina Islamiyya. Ba ni da hurumin sauya shi, ban kuma zo da wannan ba. Magana ta a kan doka ce da zaman tare: yadda Turai ta ɗauki masu luwaɗi da maɗigo jiya, yadda take ɗaukarsu yau, da abin da ya sa nake ganin Musulmin da ke zaune a nan bai kamata ya yi fatan a cire musu kariyar doka ba.

Akwai wani tsoho a sashen da nake aiki. Baba nake ce masa, tun yana dariyar sunan har ya saba. Ni ke yi masa wanka da safe, in tsefe masa ɗan sauran gashinsa, in ba shi magani. Wata rana ina gyara masa durowa sai ya ce in miƙo masa wata ambulan mai ruwan ƙasa. Hannunsa na rawa ya buɗe ta, ya nuna mini takarda mai hatimin hukuma. Ya ce a 1961 aka kama shi, yana ɗan shekara ashirin da uku, bayan mai gidan da yake haya ya kai ƙararsa cewa wani namiji yana kwana a ɗakinsa. Ya yi wata goma a kurkuku. Da ya fito ya tarar aikinsa na akawu ya tafi, mahaifinsa kuma har ya mutu bai sake yi masa magana ba. Takardar da ke hannunsa ita ce shaidar an wanke shi daga laifin, bisa dokar da majalisar Jamus ta yi a 2017. Dokar ta tanadi diyyar yuro 3,000 a kan hukuncin, da yuro 1,500 a kan kowace shekarar ɗauri da mutum ya fara. Ya ce kuɗin ba su dame shi ba. Abin da ya so shi ne a ce mahaifiyarsa na raye ta ga takardar.

Sashe na 175 na dokar laifuka ne ya ɗaure shi. Tun 1871 yake cikin dokokin Jamus, 'yan Nazi suka tsananta shi a 1935, suka hukunta maza kimanin 50,000, suka tura dubbai sansanonin azaba, inda ake ɗinka musu ƙyalle mai kusurwa uku ruwan hoda a riga don a bambanta su. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne bayan an ci Hitler da yaƙi, Jamus ta Yamma ta ci gaba da aiki da sashen yadda 'yan Nazi suka bar shi har zuwa 1969, kuma ba a goge shi gaba ɗaya ba sai 1994. A nan Kolon, a bakin kogin Rhine kusa da gadar jirgin ƙasa, akwai dutsen tunawa da waɗanda aka kashe, an sassaƙa shi da siffar ƙyallen nan. Nakan wuce ta wurin da yara in mun fita shan iska.

A Ingila ma haka abin yake. Alan Turing, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus a yaƙin duniya na biyu, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka aza tubalin ilimin kwamfuta, an hukunta shi kan luwaɗi a 1952, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar kashe sha'awa. Ya mutu a 1954. Sai a 1967 Ingila ta daina ɗaukar abin a matsayin laifi tsakanin manya a ɓoye, sarauniya ta yafe wa Turing a 2013, kuma tun 2021 hotonsa ne a jikin takardar fam hamsin. Na kawo wannan ne saboda yadda muke magana a gida, kamar Bature an haife shi ne da wannan ra'ayi. Mutanen da aka ɗaure suna nan da ransu, ni da hannuna nake ba ɗaya daga cikinsu abinci.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Denmak ce ta fara rajistar zaman tare na jinsi ɗaya a 1989. Holan ta fara ɗaura auren a ranar 1 ga Afrilu 2001, Beljiyam ta biyo a 2003, Sifaniya a 2005 duk da ƙarfin cocin Katolika a can. A Faransa sai da dubun dubatar mutane suka cika titunan Paris suna adawa kafin dokar ta wuce a 2013. Ireland kuwa, ƙasar da sai 1993 ta daina hukunta luwaɗi, ƙuri'ar raba gardama ta yi a 2015, kashi 62 cikin ɗari suka amince. A nan Jamus ina gida ina kallo a talabijin ranar 30 ga Yuni 2017 da majalisa ta kaɗa ƙuri'a, 393 suka amince, 226 suka ƙi, kuma shugabar gwamnati Angela Merkel tana cikin waɗanda suka ƙi. Ta faɗi ra'ayinta a fili cewa a wurinta aure na namiji da mace ne, ta sha kaye, ta karɓi sakamakon, ta ci gaba da mulki. Wannan ya tsaya mini a rai.

Amma kada a yi wa Turai kuɗin goro. Italiya har yau ba ta da auren jinsi, rajistar zaman tare kawai ta yarda da ita a 2016. A Poland ƙananan hukumomi da larduna kusan ɗari ne suka ayyana kansu a 2019 da 2020 a matsayin yankunan da ba su maraba da abin da suka kira aƙidar 'yan luwaɗi, sai da Tarayyar Turai ta yi barazanar riƙe kuɗaɗen tallafi suka fara janyewa. Hungari a ƙarƙashin Viktor Orban ta hana nuna wa yara duk abin da ya shafi batun a 2021, ta hana gangamin shekara-shekara na 'yan luwaɗi a 2025, amma ranar 28 ga Yuni na shekarar jama'a suka fito a Budapest fiye da yadda aka taɓa gani. Rasha ta fi kowa nisa: kotun ƙolinta ta ayyana fafutukarsu a matsayin tsattsauran ra'ayi a Nuwamba 2023. A ɗaya gefen kuma Girka, ƙasar Kiristocin Orthodox, ta halatta auren a Fabrairu 2024. Mutum biyu za su iya zama ma'aurata a Berlin, su hau jirgin ƙasa na 'yan sa'o'i zuwa gabas, su sauka a inda ba za su iya riƙe hannun juna a titi ba.

Yanzu bari in zo inda abin ya shafe ni.

A shekarata ta biyu a nan na nemi aiki a wani wuri. An kira ni ganawa, komai ya tafi daidai, har sai da matar ta dubi kaina ta ce mazauna gidan tsofaffi ne, ba za su ji daɗin ganin "wannan abin" ba. Na fito ina kuka a tashar tarago. Wadda ta zaunar da ni ta bayyana mini haƙƙina wata abokiyar karatuna ce a makarantar koyon aikin jinya, Bajamushiya, mai gajeren gashi, wadda daga baya na gane tana zaune da mace 'yar'uwarta kamar ma'aurata. Ita ta buɗe mini dokar hana wariya ta Jamus ta 2006 a wayarta, ta sa yatsa a sashe na farko, ta ce in karanta. Jimla ɗaya ce, ta jero abubuwan da ba a yarda a nuna wa mutum bambanci a kansu ba: launin fata ko asali, jinsi, addini ko aƙida, naƙasa, shekaru, da kuma wanda mutum yake sha'awa. Ta ce, "Kin ga ni, kin ga ke, a layi ɗaya muke." Ita ta taya ni rubuta takardar ƙorafi da Jamusancin da a lokacin ban iya ba.

Ba Jamus ce ta ƙirƙiro wannan jeri ba. Umarnin Tarayyar Turai na shekarar 2000 kan daidaito a wurin aiki ya haɗa addini da naƙasa da shekaru da wannan batu a wuri ɗaya, dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ma haka. Tunanin da ke ƙarƙashinsu shi ne hukuma ba ta tambayar ko maƙwabcinka yana son yadda kake rayuwa kafin ta kare ka. Wannan tunanin ne ya sa aka gina babban masallaci a unguwar Ehrenfeld a nan Kolon duk da masu zanga-zangar ƙin sa, shi ne ya sa tun Oktoba 2022 ake jin kiran sallar Juma'a daga lasifikarsa. Mu Musulmi 'yan tsiraru ne a nan, kuma akwai miliyoyin mutane da ke ganin sallarmu da suturarmu da yankanmu abin ƙyama ne. In aka koma ga ƙa'idar cewa wanda mafi rinjaye ke ƙyama ba shi da kariya, ban ga yadda za a fara da su a tsallake mu ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ba na cewa ma'aunin daidai yake. Faransa ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati tun 2004, ta hana niƙabi a 2010. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2017, ta sake nanatawa a 2021, cewa kamfani zai iya hana ma'aikata sa alamar addini in yana da tsarin ba-ruwanmu da ya shafi kowa. A aikace wa wannan ya fi cutarwa in ban da mace mai hijabi? Yana yi mini ciwo in ga kamfani ya rataya tuta mai launin bakan gizo, alamar 'yan luwaɗi da maɗigo, a ƙofa yana alfahari da karɓar kowa, alhali na san 'yar'uwata mai ɗankwali ba za ta wuce ganawar farko a wurin ba. Amma maganin wannan shi ne mu nemi a cika mana mudunmu. Zubar da na wani ba zai ƙara mana ko ƙwaya ɗaya ba.

Akwai kuma 'yan siyasar da ke fakewa da guzuma su harbi karsana. A Holan, Pim Fortuyn, wanda shi kansa ɗan luwaɗi ne kuma bai ɓoye ba, ya gina siyasarsa a kan cewa Musulunci barazana ne ga 'yancin irinsa, har aka kashe shi a 2002, kuma wanda ya kashe shi ba Musulmi ba ne. Geert Wilders, wani ɗan siyasar Holan, ya gaji wannan salon. A jihar Baden-Württemberg ta Jamus an taɓa shirya tambayoyi a 2006 ga masu neman zama 'yan ƙasa, waɗanda kowa ya san Musulmi aka nufa da su, ciki har da me za ka yi in ɗanka ya ce maka shi ɗan luwaɗi ne. Jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi ta nan Jamus ta yi adawa da auren jinsi, shugabarta Alice Weidel kuwa da mace take zaune, amma in ana maganar baƙi sai ka ji sun zama masu kare 'yan luwaɗi daga Musulmi. Ba ƙaunarsu suke yi ba, sanda suke nema da za su doke mu da ita. A Bratislava, babban birnin Slovakiya, a Oktoba 2022, wani matashi mai aƙidar fifita farar fata ya harbe mutum biyu a ƙofar wata mashaya da 'yan luwaɗi ke zuwa, kuma rubutun da ya bari cike yake da ƙiyayyar Yahudawa. Irin wannan zuciyar ce ta kashe mutum tara 'yan asalin ƙasashen waje a Hanau da ke Jamus a Fabrairu 2020.

Sai dai in na tsaya a nan na yi rashin gaskiya, don mu ma muna da namu. A Dresden da ke nan Jamus, a Oktoba 2020, wani matashi ɗan Siriya ya daɓa wa maza biyu wuƙa a kan titi saboda ya ga alamar tare suke, ɗaya ya mutu. A Oslo, babban birnin Norway, a Yuni 2022, wani ya buɗe wuta a gaban mashayarsu ana jajiberin gangaminsu, mutum biyu suka mutu, da dama suka jikkata. Dukansu da sunan addinina suka yi. Washegarin abin Oslo na shiga ɗakin Baba da safe, talabijin na kunne, ya dube ni, ya dubi hijabina, bai ce komai ba. Ni ma na kasa cewa komai, sai na ci gaba da shafa masa mai a ƙafa. Wa ya naɗa waɗannan mutane alƙalai? A wace makaranta aka koya musu cewa mutum zai shigo ƙasa da aminci, a ba shi mafaka, ya ɗauki makami ya zartar da hukunci a titi? Mun shigo ƙasashen nan bisa alkawarin bin dokarsu, kuma cika alkawari wajibi ne a kanmu. Ban yarda da shirun da wasunmu ke yi ba in irin wannan ta faru, ko ƙus-ƙus ɗin "ai su suka jawo wa kansu" da nakan ji. Ƙasa da kisa ma, akwai samarinmu da ke tofa wa mutane yawu a tasha ko su bi su da zagi, suna ganin jihadi suke yi. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma uwayen da ke sa hijabi ne ke biyan bashinsa a titi washegari.

Doka ba ta tilasta mini in ce abin halal ne. Auren da hukuma ta sani a Jamus a ofishin rajista ake ɗaura shi, babu limamin da za a kama don ya ƙi ɗaura wanda bai yarda da shi ba. Cocin Katolika ba ta ɗaura shi, cocin Ingila ma ba ta ɗaura shi. Kotun ƙolin Birtaniya a 2018 ta ba masu gidan burodi a Belfast gaskiya da suka ƙi rubuta saƙon goyon bayan auren jinsi a kan kek, ta ce saƙon suka ƙi, ba mutumin ba. Amma iyakar ba kullum take a sarari ba. A Finland an gurfanar da 'yar majalisa Päivi Räsänen a kan maganganunta game da luwaɗi, ciki har da ayoyin Baibul da ta wallafa a 2019, ta yi shekaru tana zaryar kotu. Wannan yana tsorata ni. Ranar da faɗin abin da littafinka ya ce, ba tare da zagi ko tunzura kowa ba, ya zama laifi, to rumfar ta fara yoyo ta ɓangarenmu.

Inda na fi jin zafi shi ne makaranta. A Birmingham, a 2019, iyaye, yawancinsu Musulmi, sun yi makonni suna zanga-zanga a ƙofar makarantun firamare kan darussan da ke nuna iyali mai uwa biyu ko uba biyu, har kotu ta hana taro a ƙofar ɗaya daga cikinsu. A Jamus kuwa ba ka da damar cire ɗanka daga darasin ilimin jima'i. Wasu iyaye Kiristoci sun gwada, aka ci su tara, suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, ta ƙi ba su gaskiya a 2011. A ganina iyaye sun cancanci a ji ta bakinsu fiye da haka, musamman a kan shekarun da ake fara wa yaro wace magana. Batun sauya jinsi ma Turawan kansu ba su daidaita ba. Siwidin har 2013 sai an hana mutum haihuwa kafin a sauya masa takarda, wanda zalunci ne ƙarara. Jamus tun Nuwamba 2024 ta mayar da abin sanarwa kawai a ofishin rajista, Ingila kuma ta ja birki kan ba yara magungunan dakatar da balaga bayan rahoton likita Hilary Cass a 2024, kotun ƙolin Birtaniya kuma ta ce a Afrilu 2025 kalmar mace a dokar daidaito tana nufin wadda aka haifa mace. Ina da damar shiga wannan muhawara a matsayin uwa, kuma ina shiga, a taron iyaye, da bakina da ƙuri'ata.

Ɗana yana aji uku ya dawo ya ce, "Umma, abokina uwa biyu gare shi, ba shi da baba." Na ajiye ludayi na zaunar da shi. Na gaya masa yadda aure yake a addininmu, na gaya masa mu abin da muka yarda da shi ke nan. Sannan na ce, "Abokinka ne. Ba ka tsokanarsa, ba ka zagin iyayensa, in ka ga ana cin zalinsa ka tsaya masa, kamar yadda kake so a tsaya maka in an kira ka baƙi." Ya ce to, ya tambaya ko yaron zai iya zuwa cin shinkafa ranar Asabar. Ya zo, ya cinye, ya nemi ƙari. Ɗaya daga cikin matan ce ta zo ɗaukarsa, ta cire takalmi a ƙofa tun ban ce mata ba, ta jira a falo har na idar da la'asar.

Makon jiya da Goggo ta sake tambayar, ban tsaya a "da gaske ne" ba. Na ba ta labarin Baba, da kurkukun, da takardar, da yadda mutumin da suka zauna tare shekara arba'in ya rasu kafin a kawo shi wurinmu, da yadda tun da na fara aiki a sashen ban ga wani ɗan'uwansa ya zo duba shi ba. Ta yi shiru har na zaci layin ya katse. Can ta ce, "Ba shi da kowa ke nan?" Na ce ba shi da kowa. Ta ce, "Yana cin abinci dai?" Na ce wata rana yana ci, wata rana sai an lallaɓa shi. Ta ce, "To ki riƙa lallaɓa shi, 'yar nan. In ya ƙi ci, ki dama masa kunu mai ɗumi ki gwada."